Yadda Iyaye Za Su Bi Da Yaron Da Ciwon Kaska Ya Daɗe A Jikinsa

A jihohin arewa maso gabashin Amurka, irin su Konetikat da Niyok da Niyu Jazi da Fensilbeniya da Merilan, da kuma Wiskonsin da Minesota da ke can ciki, duk shekara daga watan Mayu zuwa Agusta hankalin iyaye ba ya kwanciya saboda kaska. Haka abin yake a Jamus da Ostiriya da Holan da kudancin Suwidin. Cutar da aka fi tsoro ita ce Laim, wadda Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa ana yi wa mutum kusan 476,000 maganinta kowace shekara a ƙasar, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 9 suna cikin waɗanda ta fi kamawa, domin su ne masu birgima a ciyawa da shiga cikin busassun ganye. Iyalanmu da aiki ko karatu ya kai waɗannan wurare suna cikin wannan damuwa, kuma tambayar da ta fi hana su barci ita ce, an ba yaro magani ya shanye, amma har yanzu yana kukan gajiya da ciwon ƙafa, shin cutar tana nan ne ko ta tafi?

Ya kamata a san cewa iyaye mata ne suka fara bankaɗo wannan cuta a Amurka. A 1975 wasu mata biyu, Polly Murray da Judith Mensch, suka kai ƙorafi ga hukumar lafiya ta Konetikat cewa yara da yawa a garin Laim da kewayensa suna fama da kumburin gwiwa, abin da ya wuce a ce tsautsayi ne kawai. Likita Allen Steere na Jami'ar Yale ya bi diddigin lamarin, daga baya a 1981 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Saboda haka idan uwa ta ce ɗanta bai koma yadda yake ba, maganarta abin saurare ce, kuma likitan kirki ba zai yi watsi da ita ba. Abin da ake bukata shi ne a san inda za a kai wannan damuwa, domin akwai hanyar da ke kaiwa ga sauƙi, akwai kuma wadda ke cinye dukiya ta ƙara wa yaro wahala.

A fara da tabbatar da abin da ya faru tun farko

Kafin a yi maganar ciwon da ya daɗe, sai a koma baya a tambayi kai, shin an tabbatar Laim ce ta kama yaron, kuma an yi maganinta yadda ya dace? Kaskar da ke ɗauke da cutar ba irin ƙatuwar nan ba ce da muka saba gani a kunnen saniya ko a wuyan kare. Wadda ta fi cizon mutane 'yar ƙarama ce da ba ta gama girma ba, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, cizonta kuma ba ya zafi, shi ya sa yawancin waɗanda suka kamu ba su taɓa ganin kaskar da ta cije su ba. A mafi yawan lokuta sai ta yi fiye da kwana ɗaya maƙale a fata, sau da yawa awa 36 zuwa 48, kafin ƙwayar cutar ta shiga jini.

Alamar farko, wadda ke fitowa a jikin mutum 70 zuwa 80 cikin 100 na masu cutar, tabo ne da ke bayyana a wurin cizon tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana faɗaɗa a hankali har ya wuce santimita 5, wani lokaci ya kai 30. Ba ya cika ƙaiƙayi ko zafi, sai dai a ji ɗumi idan an taɓa. A nan ne nake so iyayenmu su tsaya su natsu, domin kusan duk hotunan da ke cikin takardun asibiti da na intanet na jan tabo ne a kan farar fata. A jikin yaranmu tabon ba ya yin ja irin wannan. Yakan fito ne da duhu fiye da sauran fatar, ko ya yi launin ƙasa-ƙasa ko shuni-shuni, har a ɗauka yaro buguwa ya yi wajen wasa, ko makero ne, a shafa masa mai a manta. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa baƙaƙen fata sun fi zuwa asibiti bayan cutar ta riga ta bazu zuwa gaɓoɓi ko jijiyoyi, kuma rashin gane tabon yana daga cikin dalilai. Idan kun ga wani zagayayyen wuri a fatar yaro da launinsa ya bambanta, ku fitar da shi hasken rana ku duba, ku shafa da yatsa ku ji ko akwai ɗumi, ku zagaye gefensa da biro, ku ɗauki hoto da waya, sannan ku sake dubawa washegari da jibi. Idan ya tsallake zanen biron, ku kai shi asibiti a ranar, ku kuma faɗa wa likita da bakinku cewa kuna zargin Laim, kada ku jira shi ya hango.

Idan ba a yi magani a wannan mataki ba, bayan makonni cutar tana iya fitowa da tabo da yawa a sassan jiki, ko ta shanye ɓarin fuska har baki ya karkace ido ya ƙi rufuwa, ko ta kawo wani nau'in sanƙarau mai ciwon kai da sandarewar wuya, ko kuma, a wasu 'yan kaɗan, ta taɓa bugun zuciya. Bayan watanni kuma takan kumbura gwiwa, yawanci guda ɗaya, ta cika da ruwa, amma abin mamaki yaron yana iya takawa a kanta ba tare da zafi mai tsanani ba.

Maganin kowane mataki sananne ne. Ga tabo, ana ba da doksisaikilin na kwana 10, ko amoksisilin ko sefuroksim na kwana 14. Ga kumburin gaɓa, kwana 28. Ga sanƙarau, kwana 14 zuwa 21, ko dai na sha ko allurar seftiriyazon ta jijiya. A da ana gudun ba yaron da bai kai shekara 8 ba doksisaikilin saboda tsoron ɓata haƙori, amma tun 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince da ba da shi ga kowane yaro muddin bai wuce kwana 21 ba. Ku nemi takardun asibiti ku duba wane magani aka ba shi, na kwana nawa, kuma an auna nauyinsa kafin a rubuta. Ku kuma yi wa kanku adalci wajen amsa wannan tambaya: ya shanye duka, ko an daina ba shi da zarar zazzaɓi ya sauka, ko yana amayar da shi? Idan akwai giɓi a nan, sai a faɗa wa likita, domin wannan shi ne yanayin da sake ba da magani yake da ma'ana.

Abin da gwajin jini yake nunawa da abin da ba ya nunawa

Rashin fahimtar gwajin jini ya jefa iyaye da dama cikin tashin hankalin da ba shi da tushe. Gwajin Laim da aka saba yi ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman sinadaran garkuwa ne da jiki ya ƙera don yaƙar ta. Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya ƙera su, saboda haka yaron da ke da tabo a makon farko yana iya yin gwaji a ce ba a ga komai ba alhali yana ɗauke da cutar, kuma shi ya sa likitan da ya ga tabon a yankin da cutar ta yi yawa yake rubuta magani nan take ba tare da jiran gwaji ba. Sannan bayan an kashe ƙwayar cutar, waɗannan sinadarai suna zama a jini watanni, wani lokaci shekaru. Idan aka sake gwada yaro bayan wata shida aka ga suna nan, wannan ba hujja ba ce cewa cutar ba ta mutu ba, shaida ce kawai cewa jikinsa ya taɓa haɗuwa da ita. Babu gwajin da ke tabbatar da warkewa, yanayin jikin yaron ne ma'auni. Don haka kada ku matsa a riƙa ɗiban jininsa duk bayan wata biyu, kuma ku yi hattara da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke karɓar kuɗi mai yawa su yi gwaje-gwajen da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta tantance ba, domin sukan nuna cuta a jikin mai lafiya.

Me ake nufi da ciwon da ya ƙi tafiya

Gaskiya ne wasu mutane, bayan sun gama magani, suna ci gaba da jin kasala da ciwon jiki da wahalar tattara hankali. Idan abin ya kai wata shida yana hana su harkokinsu, likitoci suna kiransa larurar bayan maganin Laim. Ba ƙarya masu ita suke yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Amma labarin yara ya fi na manya daɗin ji nesa ba kusa ba. A wani bincike da aka wallafa a 1996, an bi yara 201 da suka kamu a kudu maso gabashin Konetikat har kimanin shekara biyu bayan magani, kuma ba a sami ko ɗaya da cutar ta zauna masa ko ta dawo ba. Wani binciken na baya-bayan nan da asibitin yara na birnin Washinton ya fitar a 2023 ya nuna cewa uku cikin huɗu na yaran sun warke sarai cikin wata shida, mafi yawan sauran kuma sun ci gaba da samun sauƙi har suka koma daidai, ko da yake nasu ya ɗauki lokaci. Abin da wannan ke nufi ga uwar da ɗanta ya gama magani mako uku da suka wuce amma yana yawan kwanciya da rana shi ne, wannan jinkiri abu ne da aka saba gani, kuma hanyar da yake kai ta warkewa ce.

Kumburin gwiwa yana da nasa hukunci. A wajen kusan ɗaya cikin goma, gwiwar tana ci gaba da kumbura bayan magani. Likita yakan sake ba da zagaye na biyu, idan kuma bai sauka ba sai a tura yaron wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi, domin a wannan lokaci garkuwar jiki ce ta ƙi lafawa bayan ƙwayar cutar ta mutu, kuma maganin rage kumburi ko allura a cikin gaɓar shi ne abin da ke aiki.

Ku buɗe littafi

Abu mafi amfani da za ku iya yi a gida shi ne ku sami ƙaramin littafi ku riƙa rubuta halin da yaron ya wuni a ciki. Ƙaramin yaro ba ya iya cewa yana jin kasala, sai dai a gani a aikace: wanda ya saba hawa bene da gudu yanzu yana miƙa hannu a ɗauke shi, wanda ba ya barcin rana yanzu yana ɓingirewa a kujera kafin la'asar, ko ya tashi da safe yana ɗingishi sai hantsi ya ware. Ku rubuta zafin jikinsa da ma'auni, ba da bayan hannu ba. Ku rubuta awowin barcinsa, da cin abincinsa, da ranakun da bai je makaranta ba, da abin da malamarsa ta lura da shi. Idan gwiwa ce, ku auna kewayenta da tef ɗin tela a wuri guda kowane mako, ku auna ɗayar ma don kwatantawa. Ku guji tambayarsa sau goma a rana ko wani wuri yana masa ciwo, domin yaro yana karanta fuskar uwarsa, kuma idan ya ga tsoro a cikinta shi ma zai ɗauka. Bayan mako huɗu zuwa shida littafin zai nuna muku abin da ido ba ya gani a kullum, wato ko sauƙi yake samu a hankali, ko yana tsaye wuri ɗaya, ko baya yake komawa. Likita ma zai fi ɗaukar maganarku da muhimmanci idan kun ajiye masa wannan a gabansa.

Akwai alamun da ba a rubuta su a jira, asibiti ake tafiya a take: suma ko jiri mai tsanani, ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, bugun zuciya da ya ragu ko ya rikice, ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, karkacewar fuska, gaɓar da ta yi zafi jau har yaro ya kasa taka ƙafa ga zazzaɓi, da kuma ɗashewar tafin hannu da idanu ko fitsari mai duhu.

A bincika sauran dalilai

Idan sauƙi ya ƙi zuwa, ku roƙi likita ya buɗe bincikensa, kada a tsaya kan Laim kaɗai. Kaskar nan guda tana iya ɗauke da wasu cututtukan. Akwai anafilasma, wadda doksisaikilin ke kashewa amma amoksisilin ba ya taɓa ta. Akwai babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, ta kawo zazzaɓi da rawar sanyi da ƙarancin jini, kuma a madubin ɗakin gwaji tana kama da maleriya sosai har a iya rikita su. Maganin Laim ba ya kashe ta, nata daban ne. Yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan kwana biyu da fara magani ya cancanci a duba masa waɗannan.

Sannan akwai abubuwan da ba ruwansu da kaska. Ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe yana sa yaro kasala. Ƙarancin bitamin D, wanda ya yawaita ga masu duhun fata a ƙasashen da rana ke ƙaranci, yana kawo ciwon ƙashi da na ƙafa. Yaro mai sikila, ciwon gaɓoɓinsa yana da nasa dalili. Idan an je gida hutu a cikin shekarar, dole a gwada maleriya. Akwai kuma amosanin gaɓoɓi na yara, da matsalar barci, da damuwar makaranta, da kuma, Allah Ya kiyaye, kansar jini, wadda takan fara da gajiya da ciwon ƙashi. Babban haɗarin liƙa wa yaro sunan Laim mai daɗewa shi ne a shagala da ita har wata cutar da ke da magani ta yi nisa.

Inda za a ja birki

Idan iyaye suka gaji da jin likita yana cewa a ƙara haƙuri, sukan faɗa hannun wasu asibitoci masu zaman kansu da ke alƙawarin kawar da cutar ta hanyar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na watanni ko shekaru, sau da yawa ta bututun roba da ake dasawa a jijiya, ga tarin sauran haɗe-haɗe masu tsada da inshora ba ya biya. Na fahimci abin da ke kai mutum can, domin a can ana zama a saurare shi, kuma wanda ɗansa ke ciwo ba ya ƙin duk inda aka ce akwai sauƙi. Amma an gwada wannan hanya a kan manya a Amurka a binciken da aka wallafa a 2001 da 2003 da 2008, aka sake gwadawa a Holan a 2016, kuma babu inda aka sami amfani mai ɗorewa da ya rinjayi haɗarin. A 2017 CDC ta ba da rahoton mutum biyar da irin wannan magani ya jawo wa munanan cututtuka, har da wata matashiya da ta kwanta a sashen kulawa ta musamman, da wata mata da ta rasu bayan ƙwayar cuta ta shiga jininta ta bututun. A ganina babu hujjar da za ta sa a ɗora wa ɗan shekara biyar wannan. Idan ba ku gamsu da likitanku ba, haƙƙinku ne ku nemi a tura ku wurin ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa na yara a asibitin koyarwa. Haka nan duk wani jiƙo ko garin magani da aka aiko daga gida da kyakkyawar niyya, a nuna wa likita kafin a ba yaro, domin hantar ƙaramin yaro ba ta ɗaukar abin da ta babba ke ɗauka.

Abin da ke taimaka wa yaron da ke murmurewa ba shi da tsada. A tsayar masa da lokacin barci, a kula da abincinsa, a bar shi ya koma wasa da makaranta da kaɗan-kaɗan, ko da rabin yini ne da farko, maimakon a killace shi a ɗaki. A sanar da makaranta halin da yake ciki don a sassauta masa. Kuma a kwantar wa 'yan gida hankali cewa Laim ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a gado ɗaya, ba a kuma taɓa tabbatar da cewa ta bi ta nonon uwa ba.

Kada a bari ta sake cizonsa

Warkewa daga Laim ba ta hana sake kamuwa, kuma sabon tabo bayan shekara guda kusan kullum sabon cizo ne. Duk ranar da yaro ya yi wasa a ciyawa ko gefen daji, a yi masa wanka cikin awa biyu da dawowa, a duba hammata da bayan kunne da cibiya da matsematsi da bayan gwiwa da ƙugu. A yara ƙanana kaska ta fi son kai da wuya, saboda haka yarinya mai kitso a bi tsagar kitson ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ƙeya, domin a nan take ɓuya ta yi kwanaki ba a sani ba. Kayan da ya cire a saka su a injin busar da kaya da zafi sosai na minti 10. Maganin shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET ya halatta ga jaririn da ya wuce wata biyu, a tufafi kuma ana fesa maganin kashe ƙwari mai suna fametirin.

Idan an ga kaska, a kama ta da hantsaki mai tsinin baki dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kananzir ko man shafawa, kada a kusanta mata wuta. A saka ta a 'yar leda, a rubuta ranar, a kira likita, domin idan ta riga ta ƙoshi da jini kuma ba a wuce awa 72 da cire ta ba, yana iya ba da doksisaikilin sha ɗaya don rigakafi. Mazauna kudancin Jamus da Ostiriya kuma su tambayi likita game da allurar rigakafin cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa a can, wadda ita daban take da Laim.

Laim cuta ce ta ƙasashen arewa masu sanyi, kuma likita a Kano ko Damagaram ba zai kawo ta a ransa ba idan ba a faɗa masa ba. Idan kun zo gida hutun ƙarshen shekarar karatu, yaro ya yi zazzaɓi ko gwiwarsa ta kumbura, ku gaya wa likitan daga wace jiha kuka taso da kuma ko yaron ya shiga ciyawa kafin tafiya. Idan kuma bayan komawa ne ya kwanta, ku gaya wa likitan can duk inda kuka je, domin bayan maleriya, a ƙasashen Sahel irin su Senegal da Mali akwai wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da wata kaska mai zama a ramin ɓeraye ke yaɗawa, kuma sai an san inda yaro ya taka ake sanin gwajin da za a yi masa.